Ɗigon hasken da ke ƙyallawa a duhun wata: dutse ne ko kyamara ce ke mana wasa?

Nura (Madina): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wani bidiyo ke yawo tun jiya, an ɗauki jinjirin wata da waya, sai wani ɗigon haske ya ƙyalla a gefen duhun ya ɓace. An rubuta wai dutse ne ya faɗa wa wata. Da gaske ana iya ganin irin wannan daga nan ƙasa? Kuma akwai masanin da wannan ne aikinsa, ko sha'awar masu leƙen sama ce kawai?

Malam Habibu (Makka): Wa alaikumus salam. Abin yana faruwa, amma wancan bidiyon ba shi ba ne. Rage masa gudu ka duba, ɗigon ya ɗan gusa zuwa dama kafin ya mutu. Abin da ya bugi wata ba ya gusawa, inda ya kunnu nan yake mutuwa. Jirgi ne ko tauraron ɗan'adam.

Dakta Lawal (Riyad): Malam ya gama da bidiyon, bari in ɗauki tambaya ta biyu. Fanni ne mai zaman kansa, kuma bai tsufa ba. An fara tabbatar da shi a daren 18 ga Nuwamba 1999, lokacin ruwan duwatsun Leonid. Brian Cudnik ya ga ƙyallin da idonsa ta madubin hangen nesa a Texas, David Dunham kuma ya same shi a bidiyon da ya ɗauka a Maryland, lokaci guda, wuri guda a fuskar wata. Kafin nan mutane sun sha cewa sun gani, har Harrison Schmitt na Apollo 17 ya ba da rahoton wani ƙyalli a 1972 yana kewaya wata, amma babu abin kamawa a hannu.

Daga nan ofishin NASA mai lura da duwatsun sama a Huntsville ya kama nasa na farko ranar 7 ga Nuwamba 2005, a ƙarƙashin Bill Cooke da Rob Suggs, suka mai da shi aikin kullum daga 2006. Zuwa 2013 sun haura 300. A Sifen akwai José Luis Ortiz da José María Madiedo da shirinsu MIDAS. A Girka akwai NELIOTA, wanda hukumar sararin samaniyar Turai ta ɗauki nauyinsa, ya kuma fara kallo a 2017.

Hajiya Binta (Jidda): Dakta, ni inda na tsaya shi ne wutar. Tun muna makaranta aka ce babu iska a wata. Wuta ba ta ci sai da iska. To me ke ƙonewa?

Dakta Lawal: Babu abin da ke ƙonewa, Hajiya. Ƙarfen da maƙeri ya ciro daga wuta ja yake yana haske, ba ci yake ba, zafi ne. Haka wannan. Dutse mai kilo 1 da ke gudun kilomita 20 a sakan yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na nakiyar TNT kusan kilo 48. Idan ya tsaya cak a kan ƙasar wata, wannan ƙarfin duka sai ya koma zafi da tono. Dutsen da ƙasar da ya taɓa su narke, wani sashe ya zama tururi, ɗigogin narkakken dutse su fantsama suna haske, su huce nan take. Shi ya sa yawancinsu ba sa kai kashi ɗaya cikin goma na sakan.

Abakar (Ɗa'if): Rashin iskar ma shi ne dalilin da ya sa ake kallon watan. A duniya ƙaramin dutse a sama yake ƙarewa. Ko wanda ya faɗo a hamadar Nuba ta arewacin Sudan ranar 7 ga Oktoba 2008, mai faɗin kusan mita 4, a sama ya tarwatse. Abin da Mu'awiya Shaddad da ɗaliban Jami'ar Khartum tare da Peter Jenniskens suka tsinto kusa da tashar jirgin ƙasa ta shida, gutsattsari ne kusan 600, duka-duka kilo 10 da ɗoriya. Wanda ke isowa ƙasa ya yi rami galibi mai tauri ne irin na ƙarfe, kamar na Wabar a Rub'ul Khali. A wata kuwa ko tsakuwa ce da cikakken gudunta take sauka. Kuma kyamara ɗaya tana sa ido a kan fili mai miliyoyin murabba'in kilomita a lokaci guda, abin da ba za ka samu ba kana kallon sama daga rufin gida.

Nura: To mai son gwadawa daga nan Hijaz, me zai tanada?

Injiniya Sadiya (Jidda): Ƙanena, fara da kalanda kafin ka taɓa aljihu. Sai hasken wata yana tsakanin kashi 10 da kashi 50 ake aikin. A lissafinmu wajen 3 zuwa 7 ga wata bayan magariba, sai kuma wajen 22 zuwa 26 kafin asuba. Dare goma ke nan a wata, in ƙura ta bari. A daren 3 watan ya yi ƙasa, daga lokacin da sama ta yi duhu zuwa lokacin da zai gangara ƙasa da digiri 20, abin da za ka samu kaɗan ne, sau da yawa kafin a kira isha'i an gama. Kullum yana ƙara jinkirin faɗuwa da kusan minti 50, amma kullum gefen hasken yana ƙara girma yana kashe maka ido. Dare na 4, na 5 da na 6 su ne tsoka.

Madubi: faɗin santimita 20 ya isa a fara, NASA da na santimita 35 suke yi. Abin da mutane ke kuskure shi ne girman filin da kyamara ke gani. Ɗauki kyamara mai farantin karɓar haske milimita 6.4 a faɗi, irin Watec 902H2 da aka daɗe ana aiki da ita. Idan tsawon fokas ɗinka, wato nisan da madubi ke tara haske, milimita 2000 ne, minti 11 kawai na sama za ka gani (digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma sakan 60), wajen sulusin faɗin wata. Ka matse filin, ka rage rabonka. Sa gilashin rage fokas ya koma 1000, sai ka samu minti 22, ya ɗauke maka galibin gefen duhu. In ka zarce ka mai da shi 660, kusan watan gaba ɗaya zai shigo har da gefen haske, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Kyamara ta zama baƙi da fari, ba mai launi ba, hoto 25 zuwa 30 a sakan. Kuma mazaunin madubin a sa shi a gudun wata, ba gudun taurari ba. Wata yana zamewa rabin digiri a kowace awa, wato faɗin kansa. Wanda ya manta wannan zai dawo daga sallah ya tarar gefen haske ya cika masa allo.

Abakar: Injiniya, mai zai hana a sayi madubin Newton mai santimita 20 da fokas 1000 tun asali? Babu ruwanka da ƙarin gilashi, ga araha.

Injiniya Sadiya: Yana yi. Matsalarsa biyu. Sandunan da ke riƙe ƙaramin madubin suna jan hasken gefen wata su yi masa layi-layi har cikin duhun, sai ka juya bututun don layin ya kauce. Na biyu, bakinsa a buɗe yake, ƙurar nan tamu kuma ba ta da kunya. Ƙura a kan madubi ita ke watsa haske ta mai da baƙin toka-toka. A yi wa bakin doguwar hula da baƙin kwali ko roba, tsawonta ya kai faɗin madubin sau ɗaya da rabi, a lulluɓe cikin da baƙin yadi marar sheƙi.

Malam Habibu: Ni a ganina duk wannan wahalar banza ce a cikin gari. Hasken Makka da Jidda ya cinye sama. Sai dai a tafi AlUla ko can cikin hamada.

Injiniya Sadiya: Allah ya gafarta Malam, a nan zan saɓa. Ga mai neman taurari masu dushi-dushi maganarka dutse ce. Amma mai wannan aikin, babban abokin gabansa watan ne da kansa, ya fi fitilun gari nesa ba kusa ba. Abin da ke cutar da mu a Jidda laima ce. Da yamma watan yana yamma, saman Bahar Maliya, haskensa yana ratso tururin teku ya bazu, gilashi kuma ya yi raɓa. Ɗa'if da Hada sun fi mu ne don tudu, wajen mita 1,800 zuwa 2,000, sun bar laima da kaurin ƙura a ƙasa. Ba don duhu ba.

Malam Habibu: Na karɓa rabi. Ranar da ƙura ta tashi, fitilun ma ita suke haskawa.

Injiniya Sadiya: Ranar ƙura a rufe madubi a sha shayi, Malam.

Sauran abu uku, Nura. Na farko, cire matatar da ke tare hasken infrared in kyamarar na da ita. Abin da zafinsa ya kai digiri 2,500 a ma'aunin Kelvin, mafi ƙarfin haskensa yana wajen maikiromita 1.1, can bayan ja, inda ido ba ya gani. Hasken duniya da ke komawa kan duhun wata kuwa ya karkata ga shuɗi. To in ka sa jar matata ka dushe bangon, ka bar ƙyallin. Na biyu, kada ka matse bidiyon. Manhajar matsewa tana ɗaukar ɗigo ɗaya da ya bayyana a hoto ɗaya a matsayin datti ta share shi, wato ainihin abin da ka kwana nema. Sai ka shirya wa nauyi: hoto 1920 da 1080, sau 30 a sakan, gigabait 224 ne a awa. Haɗa ƙananan ɗigogin da suka tada hoton huɗu-huɗu su zama ɗaya, ya sauko 56, hasken ma ya ƙaru. Faifan ajiya mai jinkiri zai riƙa zubar da hotuna a ɓoye, ka duba ƙidayar bayan kowane ɗauka. Na uku, agogo. Na kwamfuta yana zamewa. A buga lokacin GPS a kan kowane hoto, kuma a rubuta da agogon duniya, wato a cire awa 3 daga namu.

Nura: Sai mutum ya zauna ya kalli awa biyu hoto bayan hoto?

Dakta Lawal: A'a. Akwai LunarScan da Peter Gural ya rubuta, tana kwatanta kowane hoto da waɗanda suka gabace shi ta ware inda haske ya yi tsalle. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Za ta tara maka ɗaruruwa, kusan duka ƙarya. Mafi yawa ƙwayoyin kosmik ne, 'yan mitsitsin ƙwayoyi masu ƙarfi da ke saukowa daga sararin samaniya suna dukan farantin kyamara kai tsaye. Alamarsu: hoto ɗaya tak, gefensu kaifi, ɗigo ɗaya ko ɗan karce. Hasken da ya ratso iska da madubi kuwa dole ya ɗan baje kamar tauraro, mai ƙarfi a tsakiya yana dushewa a gefe, in ya kai hoto biyu ko uku sai ka ga yana raguwa a wuri guda. Sai ɗigon kyamara da ya lalace saboda zafi, wanda a bazararmu yawa suke yi, amma shi a gurbi ɗaya yake kullum ko ka motsa madubi. Sai ramin Aristarchus, da ke da haske ko a duhu, rawar iska ta sa ya yi kamar yana ƙiftawa.

Mai wuyar shi ne tauraron ɗan'adam da ya juya ya haska rana na ɗan lokaci. Na nesa, masu tsayuwa a kilomita 36,000, ba sa gusawa a hoto ɗaya ko biyu, kuma haskensu ya ratso iska, don haka kamarsu ɗaya da na gaske. Daga Jidda layinsu yana wajen digiri 3 zuwa 4 kudu da layin ikwaita na sama. Daren da wata ya bi ta nan, a yi hattara.

Malam Habibu: Wato shaidar mutum ɗaya ba ta tsayar da wata. Mu Malikiyya ko na azumi adilai biyu muke nema.

Dakta Lawal: Daidai, Malam, kuma kada adilan su zama 'yan ɗaki ɗaya. Madubi biyu a rufi ɗaya suna kawar da kosmik, don ƙwaya ɗaya ba ta dukan kyamara biyu a wuri ɗaya. Amma tauraron ɗan'adam duka biyun za su gan shi. Sai an raba su. Da tazarar kilomita 20 kawai, abin da ke kilomita 36,000 zai sauya gurbi a fuskar wata da kusan minti 2 na sama tsakanin hotunan biyu, alhali abin da ke kan watan yana nan a ramin da yake. Jidda da Ɗa'if, ko Makka da Madina, sun wuce abin da ake buƙata.

Hajiya Binta: To na yarda an gani. Amma da ake cewa dutsen kilo kaza ne, wa ya auna? Ɗigon haske ne fa kawai.

Dakta Lawal: Hajiya kin taɓo inda ke wa masanan ƙaiƙayi. Matakan su ne: a auna hasken ɗigon da na wani tauraro sananne da aka ɗauka a daren da saitin kyamara iri ɗaya, a san ƙarfin da ya fito a haske. Sai a raba da kason ƙarfin da ke komawa haske, wanda daga Leonid na 1999 aka ƙiyasta kusan 2 cikin 1,000. Sai a ɗauki gudu, a fitar da nauyi. Lambobi biyun ƙarshe duka zato ne mai dalili. In dutsen na wani ruwan duwatsu ne sananne, an san gudunsa: Leonid kilomita 71 a sakan, Perseid 59, Geminid 35. In ɗan kansa ne, sai a ba shi matsakaici. Kuma gudu sau kansa yake shiga lissafin, kuskuren ninki biyu a gudu ninki huɗu ne a nauyi.

Dubi na 17 ga Maris 2013 a Mare Imbrium, ɗaya daga cikin shimfiɗaɗɗun filayen wata, mafi haske da NASA ta kama a lokacin. Sanarwar farko ta ce kilo 40 a gudun kilomita 25 a sakan. Da aka sake zama a kan lissafin, nauyin ya sauko ƙasa da rabin haka.

Abakar: Abin da ya ceci wannan shi ne an ga ramin. Kumbon LRO da ke kewaya wata tun 2009 yana ɗaukar hoto da ɗigo ɗaya ke daidai da rabin mita. Tawagar Mark Robinson mai kula da kyamarar kumbon ta jera hoton wurin na kafin bugun da na bayansa, ga sabon rami mai faɗin mita 18 da ɗoriya. Na Madiedo kuma, 11 ga Satumba 2013 a Mare Nubium, wanda haskensa ya ɗauki sakan 8, aka ƙiyasta kilo 400, raminsa mita 34. Daga nan ƙasa kada wani ya ce zai hango su, sakan ɗaya na sama kusan kilomita 2 ne a kan wata.

Dakta Lawal: Kuma rami shi ne ma'auni na biyu da bai dogara da haske ba. Sai dai kaɗan ne aka haɗa ƙyallinsu da raminsu, domin sai an yi sa'a kumbon yana da tsohon hoton wurin da rana a kusurwa iri ɗaya. Emerson Speyerer da abokansa sun bi ta wannan hanyar a 2016, suka jera hotuna bibbiyu sama da 14,000, suka sami sababbin ramuka 222, kashi 33 cikin ɗari fiye da yadda lissafi ya nuna.

Nura: Dakta, wanda ke karatun fiziya yanzu, ta ina ake shiga wannan layin?

Dakta Lawal: Dubi hanyar Chrysa Avdellidou. Fiziya ta karanta a Girka, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Kent ta Ingila, inda suke da bindigar iskar gas da ke harba ƙwaya a gudun kusan kilomita 7 a sakan don a ga yadda abu ke fashewa. Daga nan cibiyar hukumar Turai a Holand, sai Nice a Faransa. A 2019 ita da Jérémie Vaubaillon suka fitar da zafin ƙyallin da NELIOTA ta tara, tsakanin 1,300 da 5,800 a ma'aunin Kelvin. Abin da ya ba da damar haka, madubin NELIOTA mai mita 1.2 da ke Kryoneri a Girka yana raba hasken gida biyu, ja da bayan ja, kowanne da kyamararsa, hoto 30 a sakan. Bambancin ƙarfin biyun shi ke faɗin zafi. Kyamara biyun kuma sun kawar da kosmik a tafi ɗaya.

Ka lura da giɓin: bindiga ta tsaya a 7, duwatsun suna zuwa da 20 zuwa 70. Duk abin da ke tsakani jan layi ne. Mai neman abin bincike, ga shi nan. Abin da za ka riƙe da kyau: awon haske, lissafin kuskure, rubuta manhaja da Python, da ilimin kewayen duwatsu. Galibin ranakun aikin a gaban kwamfuta ne ana jefar da ƙarya. Masu biyan kuɗin kuwa abin da suke so shi ne yawan duwatsu masu girman tsakuwa zuwa ƙwallo, don kumbuna da masu shirin zama a wata. Turai ma na shirya ƙaramin kumbo, LUMIO, da zai kalli bayan wata, inda ba ma gani.

Malam Habibu: Na husufin 2019 fa? Shi ne ya fi yawo.

Abakar: 21 ga Janairu, ƙarfe 4:41 agogon duniya, daidai shigar cikakken husufi. Sakan 0.28 ya yi, Madiedo ya ƙiyasta kilo 45. A nan 7:41 na safe ne, a Khartum 6:41, watan ya faɗi. 'Yan Kano da ke 5:41 su watan na sama. Husufi ne kaɗai lokacin da ake iya aikin a daren 14.

Hajiya Binta: Dare nawa mutum zai yi kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Injiniya Sadiya: NELIOTA da ƙaton madubinta ta sami 55 a awa 90 na farko. Mai santimita 20 manya kawai zai kama, ya shirya wa awanni da dama babu komai. Daichi Fujii na gidan tarihin Hiratsuka a Japan yana kamawa a kai a kai, amma kusan duk daren da ya dace kyamararsa a kunne take. Dabara ita ce a jira ruwan duwatsu ya faɗo cikin dararen nan goma, Geminid 13 da 14 ga Disamba, Perseid 12 da 13 ga Agusta, a duba ko inda suke fitowa yana fuskantar gefen duhun da muke gani.

Dakta Lawal: Kuma in zaɓi ne, yamma ta fi asuba. A rubu'in farko, wato wajen 7 ga wata, wata yana bin bayan duniya a tafiyarta, fuskar da muke gani tana kallon gaba, inda duwatsu masu karo gaba da gaba ke fitowa. A rubu'in ƙarshe bayansa ke shan dukan. Leonid na 1999 ma watan bai daɗe da wuce rubu'in farko ba.

Abakar: To a tsayar: 4, 5 da 6 ga wata mai kamawa, Ɗa'if da Jidda, farawa minti 45 bayan magariba. Hoto 30 a sakan duka biyu, jar matata, tauraron awo a farko da ƙarshe.

Injiniya Sadiya: A ƙara minti ɗaya da murfi a rufe kafin a kashe kyamara, don gane lalatattun ɗigo. Nura, kai za ka tace na Jidda. Kada ka ga jerin Abakar sai ka gama naka.